Korau, Karensa da Tukunyar Gayya

Ina farawa da neman afuwar mai karatu bisa munin rubutuna. Ban riƙe alƙalami ba sai da furfura ta fito mini a gemu, a ajin yaƙi da jahilci da aka buɗe a garinmu, kuma har yau layina yakan karkace kamar kunyar sabon manomi. Abin da ya sa na daure na rubuta shi ne, labarin ƙanena Korau ya yaɗu a kasuwanni, kowa yana ƙara masa gishiri, amma masu ba da shi sukan manta da mutumin da umarnin yake fitowa daga bakinsa. Ni ne wannan mutumin.

Gidanmu yana ƙarshen Rafin Gwanki, dab da dutse. 'Ya'yanmu sun yi aure sun watse, saura mu uku: ni Tunau, da matata Hansai, da Korau. Korau ya haura shekara arba'in. Ƙarfi gare shi kamar sa, bai taɓa yin ƙarya ba, bai taɓa ƙin aike ba. Aibinsa guda ne. Abin da aka faɗa masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari, kuma ba ya dainawa sai an ce ya daina.

Mahaifinmu mafarauci ne. Da zai rasu ya bar mini gona, ya bar wa Korau karensa, wani ja mai farin ƙirji da ake kira Bar-su. Ya haɗa masa da wasiyya irin ta mutanen dawa, cewa mai kare ba ya kai loma bakinsa sai karensa ya ci. Tun daga ranar Korau ba ya taɓa abinci sai ya ɗebi rabon Bar-su, ya tsuguna ya ga ya cinye.

Baffa Cindo, ƙanen mahaifinmu, shi ne sarkin dawan garinmu, kuma wannan rabon gado bai yi masa daɗi ba. Ya ce karen da kakanninsa suka tsayar da gyado, wato aladen daji, bai kamata ya ƙare a hannun wawa ba. Ya ce zai zuba ido zuwa kaka, in ya ga Korau ba zai iya riƙonsa ba, zai ɗauke shi ya haɗa da karnukansa na farauta. Ni kuwa na san abin da Baffa bai lissafa ba. In aka raba su, Korau ba zai sake cin abinci ba, domin wanda zai iya warware masa wasiyyar yana kabari. Ga shi ni mutum ne mai fargaba. Hansai takan ce in hadari ya taso a gabas, ni na riga na ga rufin ɗakinmu a ƙasa.

Wata rana malamin dabbobi, Malam Yusha'u, ya zo daga garin kasuwa don yi wa karnuka allurar rigakafin hauka. Da ya gama sai ya zaunar da mu a gindin tsamiya, ya ce asibitinsa ba a ƙofar kowa yake ba, saboda haka abin da mutum ya yi kafin ya iso wurinsa shi ke raba kare mai rai da mushe. Ya yi bayani a kan zubar jini, da bugun rana, da saran maciji, da guba. Sauran mutane suna gyangyaɗi, ni ina haddacewa kamar a kansu za a yi mini hisabi. Na dawo gida na ɗinka jaka, na zuba mata farin ƙyalle wankakke, da almakashi, da sabulu, da gishiri, da wani tsumma mai laushi. Na miƙa wa Korau, na ce ya ajiye ta inda ba wanda zai taɓa. Ba a daɗe ba Bar-su ya taka fasasshiyar kwalba, na ce a kawo jaka. Korau ya ja ni bayan gida ya nuna mini rumbun gero. Ashe can ƙasan hatsi ya sa ta, ya yaɓe bakin rumbun da laka.

"Ba wanda ya taɓa ta, Yaya," in ji shi. "Ko ni."

Kafin mu fasa lakar mu kwashe dammunan gero, jinin ya tsaya don kansa, karen yana zaune a inuwa yana kallonmu. Na gyara magana, na ce daga yau duk inda suka sa ƙafa shi da karen, jakar tana tare da su. Har gobe a wuyansa take, ko ɗaurin aure za shi.

Wata rana, a tsakiyar bazara, na koya masa darasin bugun rana. Na ce in ya ga Bar-su ya zaro harshe yana haki, ya kai shi inuwa ya jiƙa masa ciki da tafin ƙafa da ruwa mai ɗan sanyi. Abin da ya ɓace mini shi ne, babu karen da Allah ya halitta wanda ba ya haki. A lokacin rijiyar gari ta ja baya, sai an yi dogon layi ake samun tulu guda. Hansai ta dawo daga unguwa ta tarar randunanta duka sun bushe ƙaf. Korau ya jiƙa karen da safe saboda ya kori akuya, ya jiƙa shi da hantsi saboda ya yi hamma, ya jiƙa shi da azahar saboda ya gaji da gudun jiƙawa. Hansai ba ta yi wa Korau faɗa ba. Ta tambaye shi wa ya koya masa, ya nuna ni da yatsa, ita kuma ta ɗauko tulu ta ajiye a gabana. Ranar na shiga layin mata a bakin rijiya da furfurata, aka yi ta yi mini sannu da aiki. Bar-su kuwa ya fi mu duka saurin ɗaukar karatu. Daga ranar, in ya hango Korau da ƙwarya, sai ya mayar da harshensa ciki, ya rufe baki, ya yi zaman dattijo.

Wata rana da damina, lokacin da kaska ta yi yawa, na gaya masa yadda ake tsayar da jini. Na ce a ɗora ƙyalle mai tsabta a kan ciwon a danne, kada a riƙa ɗagawa ana leƙe, har sai Malam ya gani. Washegari Korau ya cire wa karen kaska a kunne, jini ya fito kamar ƙwayar gero. Na wuce su a zaure zan tafi gona, na ga ya danne kunnen, na yaba masa. Da la'asar na dawo na same su a inda na bar su. Hannun Korau ya sage, karen ya yi matashi da cinyarsa yana barci, ga tuwo a gefe ya sandare ba wanda ya taɓa. Na tambaye shi wa ya aika ya kira Malam.

"Ba ka ce a aika ba, Yaya. Ka ce sai ya gani."

Malam Yusha'u kuwa ba ya zuwa garinmu sai shekara ta zagayo. Da ban dawo da wuri ba, ina jin da a nan zai tarar da su.

Wata rana na zo kan darasin da na fi alfahari da shi. Malam ya ce mai jin zafi ba ya sanin masoyinsa, kare mai ciwo zai iya cizon ubangidansa, don haka kafin a taɓa ciwon a ɗaure masa baki da tsumma mai laushi, sai fa in yana amai ko numfashi yana yi masa wuya. Na gwada wa Korau ɗaurin a kan Bar-su har ya iya. Bayan 'yan kwanaki muna noman dawa, fartanya ta zame ta sare ni a ƙauri. Na faɗi tsakanin kunyoyi ina kiran Korau ya kawo jaka. Ya zo da gudu, ya tsuguna, ya tambaye ni ko ina amai. Na ce a'a. Ya tambaye ni numfashi, na ce lafiya lau, ya dai yi sauri. Sai ya zaro tsumma ya naɗe mini baki, ya zagayo da shi ta ƙeya, ya ƙulle daidai yadda na koya masa, sannan ya danne ciwon. A wannan halin Baffa Cindo ya biyo hanya a kan kekensa. Ya sauka, ya jingine keken, ya daɗe yana kallonmu. Ya ce da can yana zaton ɗaya ne wawa a cikin 'ya'yan wansa, yanzu ya ga ashe gadon daidai aka raba. Ban sami bakin ba shi amsa ba. Amma don gaskiya, kalmomin da suka taru a bakina a lokacin ba su dace da mai furfura ba, saboda haka ɗaurin bai tafi a banza ba. Ciwon ma ya warke ba tare da ya yi ruwa ba.

Wata rana, ranar kasuwa, Bar-su ya fito daga ciyawa da saɓar maciji a hancinsa yana atishawa. Dama na riga na gaya wa Korau cewa in maciji ya sari kare, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a barinsa ya taka da ƙafarsa. A kwantar da shi a kan abu shimfiɗaɗɗe, a rufe shi saboda ƙuda, a kai wa Malam. Korau bai tsaya neman wurin sara ba. Ya duba gidan bai ga abu shimfiɗaɗɗe ba sai ƙyauren ɗakina, ya cire shi. Ya kwantar da karen, ya rufe shi da farar rigata ta Juma'a da Hansai ta shanya, ya ɗora a ka, ya kama hanya yana hawaye. Mutanen da ke tafiya kasuwa suka ga mutum yana kuka, ɗauke da abu a rufe da fari. A wurinmu ba a tambayar gawar wa ce kafin a sa kafaɗa. Suka sauke masa, suka riƙa karɓa-karɓa don neman lada, jama'a tana ƙaruwa. A mararraba suka juya wajen maƙabarta, Korau yana ja wajen asibiti. Ana cikin wannan ja-in-ja iska ta kawo ƙanshin tukubar masu tsire, sai mamacin ya ɗaga kai, ya kaɗa wutsiya. Aka saki ƙyauren aka watse. A cikin waɗanda kafaɗarsu take ƙarƙashinsa a lokacin har da Baffa Cindo.

Malam Yusha'u ya duba karen bai ga sara ba, amma ya ce da saran ne, da wannan ɗaukar ita ce daidai. Baffa bai tsaya jin wannan ba. Da yamma ya zo ƙofar gidanmu, ko zama bai yi ba. Ya ce ranar gayyar girbin dawarsa a zo masa da karen da igiyarsa, magana ta ƙare.

Darasi ɗaya ya rage ban koyar ba, na guba. Na ga ba shi da sauran amfani, amma fargaba ba ta bar ni na yi shiru ba. Ana gobe gayya na zaunar da Korau, na ce in kare ya ci guba, kada a ɗura masa komai a baki, ko manja, ko nono, ko ruwan gishiri. A garzaya da shi wurin Malam, a tafi da abin da ya ci a cikin mazubinsa, don Malam ya san maganin da zai yi. Korau ya maimaita, yana shafa kan Bar-su, bai ɗago ya dube ni ba.

Wata rana, wato ranar gayyar, mazan gari suka taru a gonar Baffa da ke kan hanyar garin kasuwa. Makaɗa suna kaɗa ganga, ana yankan dawa tun sanyin safiya. Matar Baffa, Inna Kande, ta dafa wake da shinkafa a ƙatuwar tukunyar biki, aka ajiye a gindin kanya. Al'adar gayya ita ce ba mai sa hannu a abinci sai an kai ƙarshen gona. Korau bai ɗauki lauje ba ranar. Ya zauna kusa da tukunyar da igiyar karen a hannu, ya roƙi Inna Kande ta ɗebo wa Bar-su rabonsa, ya ciyar da shi na ƙarshe. Tausayi ya kama ta, ta cika masa ludayi har da ƙari.

Muna dab da ƙarshen gona na ji Korau yana kirana da wata murya da ban san shi da ita ba. Na tarar da Bar-su a kwance, yawu yana dalala, jikinsa yana karkarwa, yana amai, ƙafafunsa sun ƙi ɗaukarsa. A nan ne ilmina ya nuna iyakarsa. Ni da na haddace darussan duka, sai ga ni ina kai da kawowa da takalmi ɗaya a hannu, ina karanto darasin maciji. Baffa ya ce a kawo manja a ɗura masa, haka mafarauta suke yi tun kaka da kakanni. Ni da kaina na ɗauko kwalbar. Korau ya kifa jikinsa a kan karen.

"Ba a sa masa komai a baki, Yaya. Kai ka faɗa."

Ya ɗauki karen ya kwantar a amalanken da aka kawo don jidar dawa. Ya naɗe hannuwansa da tsumman jaka, ya rungumi tukunyar nan da mata biyu suke ɗauka da ƙyar, ya ɗora a gefensa, ya tura amalanken ya hau hanya. Maza da suka yi aiki tun safe ba su karya ba suka ɗago kai suka ga abincinsu yana barin gona. Aka zubar da lauje aka bi shi, har da makaɗa da gangunansu a rataye. Ni ina tsakiya ina roƙonsa ya ɗebi cokali ɗaya ya isa, shi yana ba ni amsa ba tare da ya waiwayo ba, wai a cikin mazubinsa na ce. Baffa yana baya a kan keke, yana rantsuwa cewa yau ko Korau ko shi a garin nan. Ba wanda ya cim masa. Na faɗa tun farko, ƙarfin sa gare shi.

A asibiti, Malam Yusha'u ya buɗe idon karen ya duba, ya buɗe tukunyar ya sunsuna, fuskarsa ta sauya. Nan take ya yi wa Bar-su allura. Sannan ya fito wurin mazan da suka cika ƙofarsa suna haki, ya tambaya wa ya ci daga wannan tukunya. Aka ce ba kowa, ai wawan nan bai bari ba. Ya tambayi daga ina waken ya fito. Baffa ya ce shi da kansa ya auno shi da sassafe daga ɗakin ajiyarsa. Ya faɗi haka, sai ya zauna a ƙasa. Buhu biyu ne jingine da juna a ɗakin, ɗaya na ci, ɗaya na irin shuka wanda ya barbaɗe da maganin ƙwari don ya kai baɗi. Malam ya ce da an ci wannan abinci, da yau ƙyauren ɗakuna ba za su ishi garinmu ba. Wani ya tuna Inna Kande ta ɗanɗana gishiri, kuma tun hantsi take cewa kanta yana sarawa, tana zaton hayaƙi ne. Nan take aka tura mai babur ya kai ta asibitin mutane. Allah ya kiyaye, ta tashi.

Da la'asar Bar-su ya ɗaga kai ya lashi hannun Korau. Malam ya ce a bar shi a wurinsa, kuma kada a ba shi abinci sai ya ce. Saboda haka Korau ma ya zauna bai ci ba. Mutanen da suka bi shi da zagi da rana su ne suka dawo da ƙosai da tsire suna lallashinsa, ya yi musu godiya ya ture gefe. Na yi masa bayani iyakar iyawata cewa wannan lalura ce, ya ce Baba bai ce sai da lalura ba.

Washegari Baffa Cindo ya zo da ƙwaryar fura da ɗan dafaffen nama. Ya tambayi Malam ko karen zai iya ci, Malam ya ce a ba shi kaɗan. Sarkin dawa da kansa ya tsuguna, ya ajiye naman a gaban Bar-su, ya jira har ya cinye. Sannan ya miƙa wa Korau furar, ya ɗauki igiyar karen ya sa masa a hannu.

"Riƙe karenka. Yayana ya san hannun da ya ba."

Korau ya dubi igiyar, ya dubi Baffa. "Har yaushe, Baffa?"

"Har sai na ce ka daina," in ji Baffa. "Kuma ba zan ce ba."

Sai a lokacin Korau ya kafa kai ya sha fura.

Iyakar abin da na sani ke nan, na rubuta shi yadda ya faru gwargwadon abin da hannuna ya iya. Ina roƙon masu ilmi, duk wanda ya ga kuskure a harafi ko a darussan Malam yadda na kawo su, ya taimaka ya gyara mini, Allah ya ba shi lada. Sai dai ina haɗawa da roƙo guda. Mai gyara ya faɗi gyaransa a cike, da inda ake farawa da inda ake tsayawa, domin duk abin da ya iso hannuna Korau zan karanta wa, shi kuwa zai yi.